Sarari a sunan folda ne ya hana umarninka aiki

Ɗan'uwa, ka ce ka rubuta umarnin kwafar fayil cp Hotunan Sallah/rago.jpg Ajiya/ sai kwamfuta ta ce babu fayil, alhali kana ganinsa da idonka. Laifin sararin da ke tsakanin Hotunan da Sallah ne. Bash, manhajar da ke karanta umarnin da ka rubuta, tana yanka umarni duk inda ta ga sarari, sai ta ɗauka abu biyu ka ba ta.

Ka sa sunan cikin alamar zance: "Hotunan Sallah/rago.jpg", ko ka rubuta Hotunan\ Sallah.

Amma don Allah ka kiyaye da rm, umarnin goge fayil. A shagonmu nan unguwar Nima wani yaro ya buga rm -r Aiki Sabo don ya goge folda mai suna "Aiki Sabo", nan take foldar Aiki ta tafi da takardun mutane. Abin da rm ta goge ba ya shiga kwandon shara.