Ƙarar fashewa a sararin samaniya da mugun da ba shi da dalili

Ɗan'uwa, ka tambaya ko abin da ake nunawa a shirin nan na yaƙin sararin samaniya zai yiwu, kuma me ya sa mugun cikinsa bai ba ka tsoro ba. Jiya ma mun yi wannan musun a teburin mai shayi a Agege.

Ƙarar fashewar jiragen nan ƙarya ce tsagwaronta. Sauti sai ya sami abin bi kamar iska ko ruwa yake tafiya, can sama kuwa babu iska, ko jirgi ya tarwatse shiru kake ji. Wannan na yafe wa masu shirin, wa zai kalli yaƙi ba ƙara? Abin da ya fi ci mini rai shi ne hirar da ake yi nan take daga wata duniya. Saƙon rediyo gudun haske yake yi, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, amma daga duniyar Mas zuwa nan sai ya ci minti 3 zuwa 22. Ka yi sallama, ka je ka yi alwala, amsa ba ta iso ba.

Shi kuwa mugun, so yake ya ƙone duniyar da yake zaune a cikinta. Ya ci me? Ko ɗan tashar Oshodi ya san kuɗin da yake bi. Mugun ya kama jarumi, sai ya tsaya zayyana masa shirinsa.