Kafin Ka Sa Rigar Sikiriti a Manchester: Amsa Ga Ƙanena Mai Shirin Tahowa

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na yi murna da jin cewa jami'a ta ba ka gurbi. Allah ya sa a fara a sa'a. Tambaya biyu ka yi. Ta farko, abokanka da suka riga ka zuwa sun ce aikin sikiriti a filayen ƙwallo da wuraren shaƙatawa shi ne aikin ɗalibai, wai tsayuwa ce kawai a karɓi kuɗi. Ta biyu kuwa na san ta Hajiya ce, ko da yake ta bakinka ta fito: an ce mata a nan in mutum baƙar fata ne kuma Musulmi, ba ƙofar da zai shiga ba a ware shi an caje shi ba.

Ta Hajiya ce mai sauƙi, da ita zan fara. Ana caje mutane, amma kowa ake cajewa, har tsohuwar Baturiya mai dogara sanda. Kai da ka tashi a Kano bayan harin babban masallacin Juma'a na Nuwamba 2014, na'urar nan da ake shafa wa mutum a jiki ba baƙuwarka ba ce. Manyan filaye irin su Wembley ba sa barin jakar da ta wuce girman takardar A4, kuma a wurare da yawa kwalbar gilashi ba ta shiga, ko da ta turarenka ce. Mai tsaron ƙofa ba ɗan sanda ba ne, ba shi da ikon caje ka sai ka yarda. Sai dai yardar ita ce sharaɗin shiga: ka ƙi, ya ce ka koma gida da tikitinka. Mace kan caje mace, kuma mai hijabi tana iya cewa a kai ta gefe. Ba zan ce maka babu mai yi wa gemu kallo biyu ba, akwai su. In ka gamu da irinsu ka nemi shugabansu cikin natsuwa, ka riƙe lambar da ke jikin katinsa.

Abin da ya fi kamata Hajiya ta ja maka kunne a kai shi ne aljihunka. 'Yar wuƙar nan da wasunmu ke ratayawa a jikin makulli don yanka lemo ko gyaran farce, a nan tana iya kai mutum kotu. Dokar 1988 ta hana yawo da wuƙa a bainar jama'a ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba, in ban da ƙaramar mai naɗewa wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba kuma ba ta kullewa. Hukuncin yana kaiwa shekara 4, kuma "don kare kaina" ba dalili ba ne a wurin alƙali. Feshin barkono ma haramtacce ne, a dokar bindigogi aka saka shi. Ga ɗalibi mai biza, laifi irin wannan ƙarshen karatu ne.

To, aikin. Iri biyu ne, abokanka sun haɗe maka su. Akwai masu nuna wa 'yan kallo kujera da tsayawa a matakala da ƙofofin fita, su ake ce wa sitiwad, galibi horo kaɗan ake ba su. Akwai kuma masu caje mutane da fitar da mai rigima, waɗannan galibi sai da lasisin SIA, hukumar da ke kula da masu aikin sikiriti, wadda dokar 2001 ta kafa. Kafin ka samu sai ka cika shekara 18, ka yi kwas ɗin agajin gaggawa, ka yi horon kusan mako guda da jarrabawa, a binciki tarihinka, sannan ka biya kuɗi daga aljihunka. Lasisin na shekara 3 ne. Albashin yawanci a gindin mafi ƙarancin da doka ta yanke yake zama, wanda a Afrilun 2025 ya koma fam 12.21 a awa ga mai shekara 21 zuwa sama. Kada ka juya shi zuwa naira a kanka, kuɗin haya zai gyara maka lissafin.

Bizarka ta ɗalibi awa 20 ta yarda ka yi a mako lokacin karatu, kuma ta hana ka zama mai aikin kansa. Nan ne tarkon yake. A harkar nan akwai ƙananan 'yan kwangila da za su ce ka yi rajista a matsayin mai zaman kansa su riƙa biyanka ta haka, ko su miƙa maka kuɗi a hannu ba takarda. Duk wanda ya ce maka haka, ko ɗan garinku ne, ka yi masa godiya ka wuce. Ka kuma sani lasisin tsaron ƙofa kasuwarsa mafi girma mashaya ce da gidajen rawa, daren Juma'a da Asabar. Ana iya zaɓar filayen wasa da shaguna kaɗai, amma ka faɗa tun ranar ɗauka, kada sai an tura ka ka fara noƙewa. Ko a filin ƙwallon ma za ka sha fama da wanda ya bugu.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna na yi maka doguwar amsa. Maganar "tsayuwa ce kawai" ita ce ban yarda da ita ba, kuma garin da za ka zo shi ne shaidata.

Ranar 22 ga Mayu 2017 bam ya tashi a Manchester Arena daidai lokacin da ake tashi daga wani wasan waƙa, mutum 22 suka mutu, da yawansu yara da matasa. Maharin bai bi ta inda ake caje mutane ba, bai ma nemi shiga ba. A zauren waje ya tsaya, inda iyaye ke jiran 'ya'yansu, ya ɓoye kusan awa guda a wani lungu da kyamarar tsaro ba ta hange, da ƙatuwar jaka a bayansa. Wani uba ya gan shi, hankalinsa bai kwanta ba, har ya je ya tambaye shi abin da ke cikin jakar, sannan ya gaya wa ɗaya daga cikin ma'aikatan wurin. Wannan kusan minti 15 ke nan kafin tashin bam ɗin. Ma'aikacin ya gaya wa abokin aikinsa, yaro ɗan shekara 18. Yaron ya gwada kiran ɗakin kula da tsaro ta oba-oba, layi bai shiga ba, sai ya bar wurin. Da ya zo gaban kwamitin bincike na Sir John Saunders, ya ce ya ji tsoron kada ya yi kuskure a ce masa mai wariyar launin fata ne. 'Yan sandan da ya kamata su kasance a zauren ba ko ɗaya a ciki, biyu daga cikinsu ma sun yi hutun cin abinci na kimanin awa biyu a daren. Rahoton da ya fito a Yunin 2021 ya ce an yi ta samun damar da za a rage asarar rayuka, ana bari tana wucewa.

Ban kawo wannan don a zagi yaron ba. Sa'anka ne, kuɗinsa kaɗan, horonsa kaɗan, aka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Na kawo shi ne don na san tarbiyyarka. An raine ka da kunya da kara, ba ka ɗaga wa babba murya, ba ka son a ce ka cika zaƙewa, ga ka kuma baƙo mai tsoron kada Turancinsa ya ba da shi. Duk waɗannan ado ne a zaure, amma a bakin ƙofar da mutum dubu ashirin za su fita, su ne za su ɗaure maka baki. In ka ga abin da bai yi maka ba, ka faɗa. In oba-oba ta ƙi, ka taka da ƙafarka ka nemo shugaba. In ya share ka, ka sake faɗa, ka nemi ɗan sanda, ka kira 999, lambar kiran gaggawa. In wanda kake zargi mai kama da kai ne, mai suna irin naka, duk ɗaya ne: halin mutum ake kallo, wato daɗewa a wuri ba dalili, kaya masu nauyi da ba su dace da wurin ba, guje wa ido. Wanda ya kai rahoto aka duba ba a ga komai ba, ba abin da ya rasa.

Daga wannan harin ne aka samu dokar da ake kira da sunan Martyn Hett, ɗaya daga cikin mamatan. Mahaifiyarsa Figen Murray ta yi shekaru tana bin gwamnati, har ta taka a ƙasa daga Manchester zuwa Landan a 2024. Sarki ya sa wa dokar hannu ranar 3 ga Afrilu 2025, aka ba da wa'adin aƙalla shekara biyu don a shirya. Wurin da ake sa ran mutum 200 zuwa 799 dole ya tanadi tsarin yadda za a fitar da jama'a, ko a shigar da su a kulle, da yadda za a sanar da su. Daga 800 zuwa sama nauyin ya fi haka, tarar ma tana iya kaiwa fam miliyan 18. Masallatai da coci-coci suna ciki, amma a mataki na farko, wato na mutum 200 zuwa 799, aka bar su komai yawan masu ibada. SIA ɗin nan da za ta ba ka lasisi ita aka ɗora wa sa ido.

Amma a ganina abin da ya fi kusa da ma'aikaci ba bam ba ne, turmutsutsu ne. A filin ƙwallon Hillsborough da ke Sheffield, ranar 15 ga Afrilu 1989, 'yan sanda suka buɗe ƙofar fita don rage cunkoson waje, ba wanda ya tare hanyar da ke kai wa sashen da ya riga ya cika, ga shingen ƙarfe a gaba. Mutum 97 suka rasu ta dalilin haka, kuma a 2016 binciken kotu ya wanke magoya bayan Liverpool daga zargi. A Disamban 2022, a Brixton da ke Landan, aka yi cunkoso a ƙofar wasan wani mawaƙin Najeriya, mutum biyu suka mutu, ɗaya daga cikinsu mai aikin sikiriti. Ka tuna da yara 35 da suka mutu a turmutsutsu a Ibadan a Disamban 2024. A irin wannan ba tattakewa ce ke fara kisa ba, mutum a tsaye yake mutuwa, ƙirjinsa ya matse ya kasa shaƙar iska. Da zarar an haura mutum biyar a faɗin mita ɗaya ta kowane gefe, jama'a ta fara tangaɗi kamar ruwa a bokiti, ba mai iko da ƙafarsa. In kana ciki, ka ɗaga hannuwa ka kare ƙirji, kada ka sunkuya ɗaukar waya ko takalmi, ka riƙa zamewa gefe-gefe maimakon ka yi gaba da turin. In kai ne mai riga, aikinka ka hango shi tun kafin a kai nan.

Wuraren lilo irin su Alton Towers da Blackpool sun fi sauƙi, iyalai ne da yara, kuma aikinsu na kaka ne, yawanci daga Maris zuwa Nuwamba. Rabin rigimar a kan tsawon yaro ce: manyan lilo sukan nemi mita 1.4, uba ya zo yana magiya a kan yatsa biyu da suka rage. Ba a yin kara a nan. A Yunin 2015 a Alton Towers kwamfuta ta tsayar da wani lilo saboda akwai tarago a kan hanya, ma'aikata suka ɗauka kuskurenta ne suka sake shi. 'Yan mata biyu suka rasa ƙafa, kotu ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5.

In ka ji duk wannan har yanzu kana so, ni ban hana ka ba, halal ne kuma yana dacewa da jadawalin karatu. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. SIA za ta nemi shaidar cewa ba ka da laifi a ƙasar da ka baro, don haka ka karɓo takardar shaidar hali daga 'yan sandan Najeriya tun kana gida, ka tabbata sunan da ke jikinta daidai yake da na fasfo harafi da harafi. Ka ware kuɗin kwas da na lasisi dabam, domin za a ɗauki makonni kafin katin ya fito. Takalmi baƙi mai tafin roba da rigar sanyi ta ciki kuwa ka bari sai ka iso, na gida ba za su iya da daren Janairu a bakin fili ba. Ka turo mini ranar saukarka da lambar jirgi.

Yayanka, daga Manchester.