Tambaya da Amsa kan Kiwo: Haihuwar Tumaki a Ƙarshen Ɗari

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni mazauniyar Garin Malam ce, nan Damagaram. Ina da tumaki huɗu a bayan ɗaki, uku na da ciki. Makon jiya babbarsu ta haifi tagwaye cikin dare. Da asuba na tarar ɗaya ya mutu, ɗayan kuma da ƙyar ya tashi. Ɗana ya nuna mini a wayarsa wata gona a Amurka inda ake kiwon tumaki don gashinsu. Dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, amma 'ya'yan sai tsalle suke, har aske uwayen ake yi kafin su haihu. Shin namu ne ba sa jure sanyi? In sayar da su in nemi masu gashin?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗiyata. Allah ya mayar miki da mafi alheri, ya sauki sauran biyun lafiya. Kada ki sayar da ko ɗaya. Ban ga ɗan da ya mutu ba, amma yadda kika kwatanta, na fi zaton yunwa da iska ne suka haɗu a kansa, kuma duka biyun kina da abin yi a kansu.

Bari mu fara da abin da ke cikin wayar. Yawancin tumakin waɗancan ƙasashe ba sa ɗaukar ciki sai yini ya fara gajarta, wajen Oktoba da Nuwamba. Cikin tunkiya wata biyar ne, kwana 147 zuwa 150, don haka haihuwarsu ke faɗowa tsakanin Fabrairu da Afrilu, garke guda cikin 'yan makonni. Mai gonar ya san lokacin, tunda shi ya saki ragon da hannunsa. Ya tara ciyawa tun bazararsu. A makonnin nan barcinsa rabi da rabi ne, yana tashi da fitila yana leƙa garke. Duk wadda ta haihu sai ya keɓe ta da ɗanta a wani ɗan lungu kwana biyu ko uku har su saba. Duk da haka su ma ana yi musu mutuwa, kuma sanyi da yunwa na cikin manyan dalilai. Askin kuwa dabara ce: tunkiyar da aka aske takan ji sanyi ta nemi cikin rumfa ta haihu a can, takan ƙara cin abinci, ɗan kuma ya sami kan nono ba tare da ya tsotsi dunƙulen gashi ba. Namu ba su da abin askewa.

Irin tumakin gashi da ake kira Merino takan ba da ulu kilo huɗu ko biyar a shekara. To ki kawo ta Damagaram a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, sannan ki sake ta ta bi ta cikin ƙarangiya sau ɗaya. Ko ta rayu, wa zai sayi ulun a Kasuwar Dole? Abin da ke da kasuwa a nan shi ne ragon layya da fata don majema. Muna da tumaki masu ulu a Nijar, irin Kundum na bakin kogi a jihar Tillaberi, akwai kuma na Masina a Mali da Fulani ke saƙa barguna da gashinsu. Kowanne da ƙasarsa. Balami da Uda da Ara-ara su ne suka san tamu.

Inda nake so ki sa ido shi ne makonni shida na ƙarshen ciki. Cikinsu ne ɗan ke yin kusan kashi biyu cikin uku na girmansa, cikinsu ne kuma hantsa ke tara nono. Ga shi a wurinmu wannan lokaci ya yi daidai da sa'ad da gonaki suka zama fili, ba sauran komai sai karan hatsi, harawa kuma kullum kuɗinta na hawa. Mai tagwaye ta fi shan wuya, domin 'ya'yan sun matse mata tumbi, ba ta iya cin kara mai yawa, karan kuma ba ya da wani abin kirki a ciki. Yau da marece ki ɗora tafin hannunki a gadon bayan waɗannan biyun, ki shafa daga kafaɗa zuwa ƙugu. Idan kin ji ƙashin yana tsikarar hannunki ɗaya bayan ɗaya, to suna cin jikinsu ne suna ciyar da na ciki. Ki ware musu harawar wake ko ta gyaɗa, su kaɗai, kada rago ya ture su. Ki ƙara da dusa, ki fara da cikin hannu guda safe da marece, kina ƙarawa a hankali har ya kai gram 300 zuwa 500 a yini. Kada ki zuba musu hatsi da yawa rana ɗaya, kumburin ciki zai biyo baya. Ruwa ki bar shi ya sha rana kafin ki ba su, ki ajiye gishiri inda za su lasa.

In kina da dangi wajen Mirya ko Matamai, ki aika a tsinto miki 'ya'yan gawo, yanzu ne suke zuba. Ni ban san abincin rani da ya fi su araha da amfani ba. Tsofaffinmu na ba da labarin yadda Sarki Tanimun ya hana saran gawo a ƙasar Damagaram, kuma duk wanda ya taɓa ciyar da tunkiya mai ciki a watan Fabrairu ya san ba a banza aka yi wannan doka ba.

Sai daren haihuwar kansa. Idan hantsa ta cika ta yi ƙyalli, kwiɓi ya faɗa, tunkiya ta ware daga 'yan uwanta tana tonon ƙasa, ta kwanta ta tashi, to wannan dare ba na dogon barci ba ne. Ki kare gefen gabas da arewa da zana ko buhu, nan iskar hunturu ke shigowa. Ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Sanyinmu bai kai na Amurka ba, amma ɗan tunkiya jiƙe yake fitowa, iska kuma in ta bugi jiƙaƙƙen jiki kafin asuba ta gama da shi. Da tagwaye abin ya fi sauƙin faruwa: uwa na can tana naƙudar na biyu, na farin na kwance ba mai lashe shi.

Haka ta taɓa faruwa a gidana. Na fito alwalar asuba na tarar da ɗaya a gindin turke, kunnuwa sun langaɓe, ba kuka. Na sa ɗan yatsa a bakinsa, sanyi kamar ruwan randa. Na goge shi da tsohon zane, na cusa shi cikin rigata a ƙirji, na zauna kusa da kaskon garwashi. Sai da gari ya fara wayewa na ji yana motsi, ya kama yatsana yana tsotsa. Nan na tatso dakashi a ƙaramin kofin shayi, mai kauri, ruwan ɗorawa, na riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Ya rayu. Amma ki riƙe wannan: wanda bai iya ɗaga kai ko haɗiya, kada a ɗura masa komai, huhu zai tafi. A ɗumama shi a hankali, a kira ma'aikacin kiwo, shi ne zai iya yi masa allurar ruwan sukari.

Dakashin nan har yau ina jin masu cewa ƙazanta ce, a tatse a zubar. Wallahi zubar da shi zubar da rai ne. Shi ne abincin farko, shi ne rigakafin farko, kuma hanjin ɗan ba ya iya karɓar kariyar da ke cikinsa sai a yinin farko. Ya sha cikin awa biyu da fitowa. Ɗan da ya kai kilo uku na bukatar kamar ƙaramin kofin shayi biyu ko uku a shan farko, ya kuma ci gaba da sha har dare. Ki matsa kan nonon da kanki ki ga ya fito, wani lokaci yakan toshe. Cibiya a tsoma ta cikin aidin, ban da toka, ban da kashin shanu. Idan faya ta fashe, tunkiya na ta nishi har awa guda ba ki ga ƙafafun gaba biyu da hanci ba, ki nemi taimako. Mabiya kuma kada a ja ta.

Shi ɗan tagwayenki da ya rage, ki ɗaga shi da safe ki taɓa cikinsa. In ya cika, kuma yana miƙa idan ya tashi daga barci, nono na isarsa.

TAMBAYA: Malam, daga Mirya nake. Tumakina biyu sun yi ɓari cikin kwana goma. Maiɗakina ce ke share garken, ita ma tana da juna biyu. Akwai damuwa?

AMSA: Akwai, ɗan'uwa. Daga yau ta bar garken har ta sauka. Wasu cututtukan da ke sa tumaki ɓari suna kama mutum, kuma mai ciki ta fi kowa shiga haɗari. A 2016 zazzaɓin Rift ya ɓulla a jihar Tawa, wajen Cintabaraden da Tasara, ya fara da ɓarin dabbobi, ya kuma kashe mutane. Ban ce shi ne a gidanka ba. Kai ka yi sharar, ka sa leda a hannu, ka binne ɓarin da mabiyar a rami mai zurfi inda kare ba zai tono ba, ka wanke hannu da sabulu. A ware tumakin biyu, a tafasa duk madarar da za a sha. Gobe da safe ka je ofishin kiwo na Mirya ka shaida musu, ita kuma ta faɗa wa ungozomar asibiti a awo na gaba, ko nan take in ta ji zazzaɓi.