Ni ma na sha huɗu da nema a Owerri, ƙanena

Ƙanena, na karanta tambayarka har ƙarshe, ina kaɗa kai. Ka ce an zura wa ƙungiyarka ƙwallaye da yawa a wasan farko a waje, abinci ya ƙi ciyuwa, 'yan majalisa sun sa ka a gaba, kana tambaya ko ka je kallon wasa na biyu ko ka haƙura. Wallahi ciwon nan na san shi. Nawa ya same ni a watan Oktoban 2009, har yau in an ambaci Owerri sai na ji gabana ya faɗi.

Ku da kuka taso yanzu ba za ku gane yadda kanmu ya kumbura a shekarar nan ba. Ƙungiyarmu Kano Pillars ta ɗauki kofin lig ɗinta na farko a 2008, ta shiga gasar zakarun Afirka, sai aka haɗa mu da Al Ahly ta Masar, masu riƙe da kofin, waɗanda suka ɗauka a 2005 da 2006 da 2008, da su Aboutrika da Wael Gomaa. Muka yi 1-1 a gida, kowa ya ce shi ke nan, a je Alƙahira a karɓi rabo. Sai ga 2-2 a can, muka wuce da dokar ƙwallon waje, wato in an yi kunnen doki a jimilla, wanda ya fi cin ƙwallaye a gidan abokin karawa shi ke wucewa. Daren nan Kano ba ta yi barci ba, "Sai Masu Gida" kawai kake ji daga bakin 'yan acaɓa har dattawa. A rukuni kuma ga Al-Hilal da Al-Merrikh na Sudan, ga ZESCO ta Zambiya, mu muka fito a sama. To wanda ya kori Al Ahly, Heartland ta Owerri da aka haɗa mu da ita a wasan kusa da na ƙarshe ce za ta tsorata shi? Ƙungiyar da muke bugawa da ita a lig kullum? Mu lissafin wasan ƙarshe muke yi tun ba a buga na kusa da shi ba. Ashe hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Akwai wani mutum a majalisarmu, ba zan kama sunansa ba don yana da 'ya'ya manya yanzu. Shi ya ce zai haɗa mana mota zuwa Owerri, ya karɓi kuɗin zuwa da dawowa a hannun kowa, har da na abinci. Ni kuɗin da na ware na kayan shago na ciro. Ranar tafiya sai ga wata tsohuwar bas da ƙofarta da igiya ake ɗaurewa. Kafin Lokoja ta mutu, bayan Okene ta sake mutuwa, muna turawa muna waƙa, don a lokacin komai daɗi yake mana. Abinci kuwa ko burodi ba mu gani ba, in ka yi magana ya ce ai yana gaba. Muka tsallaka gadar Onitsha a galabaice, muka shiga filin Dan Anyiam da yunwa.

Huɗu da nema, ƙanena. Ta farko na ce ba komai, ta biyu na ce in muka samu ɗaya ta waje an gama. Da ta uku ta shiga sai na zauna, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Ta huɗu ban ma gan ta ba, ihun mutane ne ya gaya min. Wani yaro a gefena yana kuka yana goge fuska da tutar da muka ɗinka. Muka fito neman mota, babu mota, babu mutumin nan. Ashe kuɗin zuwa kawai ya biya direba, shi kuma ya sulale tun kafin a tashi. Ka duba fa, an ci ka huɗu, kana garin da ba ka san kowa ba, aljihunka wayam. Allah Ya saka wa 'yan'uwanmu na Ama Hausa, unguwar Hausawa a Owerri, da alheri, su suka ba mu wurin kwana da abinci, suka nema mana motar kaya mai komawa arewa. Kuma abin da ya fi ƙona min rai, da muka dawo na tarar da shi a wurin mai shayi sanye da rigar wata ƙungiyar Ingila, yana dariya yana cewa dama wa ya aike mu bin ƙwallon gida. Da kuɗinmu a aljihunsa! Har yau bai ce mana ku yi haƙuri ba. Muna gaisawa saboda zumunci, amma ko sisin kwabo ba zai ƙara shiga hannunsa daga wajena ba.

Don haka in tafiya ce, kada ka ba kowa kuɗin dawowarka. Ka soke shi a aljihun ciki. Kuma kada ka taɓa jarinka saboda ƙwallo, 'yan wasan nan ko an ci su albashinsu na nan.

Maganar wasa na biyu kuwa, ka je. Ni na kalli namu, suka ƙara mana ɗaya a gida, jimilla 5-0. Ba daɗi, amma da na ɓuya a ɗaki da ya fi min ciwo, kuma a nan ne na ga su waye magoya baya na gaskiya. Sai dai kada ka je da lissafin mu'ujiza. Wanda ya dawo daga waje ba ƙwallo ko ɗaya, da zarar an ci shi ɗaya a gida aikin ya ninku, shi ne abin da ya karya mu. Turai sun soke dokar ƙwallon waje tun 2021, amma a Afirka da ita Sundowns ta Afirka ta Kudu ta fitar da Al Ahly a 2025. Dokar nan ce ta ɗaga mu a Alƙahira, ita kuma ta kayar da Heartland ɗin a wasan ƙarshe: sun ci TP Mazembe 2-1 a Owerri, aka ci su 1-0 a Lubumbashi, kofi ya tafi Kwango. Wasu abokaina murna suka yi, ni kuwa haushi na ji, don da sun ɗauka da Najeriya ta samu na uku bayan biyun Enyimba na 2003 da 2004, ka ga ko ba komai sai mu ce zakara ne ya cire mu.

'Yan majalisa kuma, kada ka ƙaurace musu, in ka ɓace sai su ƙara samun bakin magana. Ka je da wuri, ka riga su faɗin sakamakon, ka sayi shayinka. Wanda ya wuce gona da iri ka tambaye shi yaushe rabonsa da shiga filin wasa da ƙafarsa. Kuma ka ci abinci don Allah, ni wancan karon har sai da Hajiyarmu ta aiko a tambaya ko rashin lafiya nake, kunya ta hana ni gaya mata ƙwallo ce. Ka kashe waya da daddare, masu tsokana a WhatsApp ba sa gajiya. In za ka je filin ka nemi babba ɗaya ku tafi tare, kuma ka zauna kusa da ƙofar fita saboda masu jifa in rai ya ɓaci.