Tambaya da Amsa: Kafa farantan sola a ƙasa yana buƙatar izinin hukuma?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar masana'antar ruwan leda a wajen birnin Kano, kuma kuɗin man gas da nake zuba wa janareta yana neman cinye ribar da nake samu. Na yanke shawarar sa sola mai ƙarfin kilowat 50, amma rufin masana'antar tsohon kwano ne da ba zai ɗauki nauyi ba, shi ya sa na sayi filin da ke jikin katangata, mai ƙafa 50 a 100, don a kafa farantan a ƙasa. Takardar filin ta gidan zama ce. Mai haɗa solar ya ce ba na buƙatar izinin kowa tunda ban kai megawat ɗaya ba. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Mai haɗa solar ya faɗi gaskiya a ɓangare ɗaya, amma ɓangaren da ya bari shi ne wanda zai iya jawo maka asara. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta yarda mutum ya samar da wutar da ba ta wuce megawat 1 ba a wuri guda ba tare da lasisi ba, kuma kilowat 50 bai kai ko kusa da wannan ba, saboda haka ba ka da wata matsala da hukumar NERC, mai kula da harkar lantarki a ƙasar nan, muddin kai kaɗai ne za ka yi amfani da wutar. Sai dai wannan magana ce ta lantarki. Maganar fili daban take, kuma a hannun gwamnatin jiha take, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2003 a shari'ar da jihar Legas ta yi da gwamnatin tarayya kan ikon tsara birane.

A wurin masu tsara birane, duk aikin da aka haƙa masa rami, aka zuba kankare, aka kafa turakun ƙarfe, aikin gini ne, ko da babu ɗaki ko ɗaya a ciki. Kilowat 50 yana buƙatar faranti kusan 90 idan kowanne mai wat 550 ne, kuma idan aka karkatar da su suna fuskantar kudu, aka bar tazara tsakanin layuka don kada wani ya yi wa wani inuwa, ga kuma ɗakin batura da inbata (na'urar da ke juya wutar sola ta zama irin wadda injina ke amfani da ita), za su kusa cinye filin nan gaba ɗaya. Aiki irin wannan ba ya ɓuya. A Kano hukumar tsara birane ta KNUPDA ce ke amincewa da zanen gini, ita ce kuma ke shafa jan fenti a katangar wanda ya yi aiki ba izini.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne takardar filin. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, kuma kowace takardar shaidar mallaka tana ɗauke da manufar da aka ba da filin dominta: zama, kasuwanci, masana'anta ko noma. Idan ka mayar da filin gidan zama ya koma tashar wutar masana'anta, ka saɓa wa sharaɗin takardar, kuma sashe na 28 na dokar ya ba gwamna ikon soke mallaka saboda irin wannan saɓani. Mafita ita ce ka rubuta wa ma'aikatar filaye ta jiha kana neman canjin manufa. Kafin nan ka tabbatar an mayar da filin sunanka da amincewar gwamna, kamar yadda sashe na 22 ya tanada, domin idan takardar cinikin da kuka yi a gaban mai unguwa ce kaɗai a hannunka, sunan wanda ya sayar maka ne har yanzu a fayil.

Akwai kuma tazarar da ake barin wa titi, magudanar ruwa da katangar maƙwabci. Idan filin bai isa ba sai an ɗan shiga cikin tazarar, ana iya neman sassauci a rubuce tare da bayyana dalili, amma alfarma ce da hukuma ke iya yi ko ta ƙi, kuma alkawarin baki daga wani jami'i ba ya kare kowa ranar rusau. Inda ba na ba ka shawarar ka nemi sassauci ko kaɗan shi ne ƙarƙashin babban layin wuta. Ƙa'idar ƙasar nan ta keɓe faɗin mita 11 ga layi mai kilobolt 11 ko 33, mita 30 ga mai 132, mita 50 ga mai 330. Jeren ƙarfe a ƙarƙashin irin wannan waya haɗari ne ga yaron da zai riƙa hawa da dogon tsinken goga yana wanke ƙurar hunturu.

Kada ka manta da maƙwabta. Ruwan watan Agusta idan ya sauka a kan faranti 90, a gefe guda zai zuba, kuma idan gefen nan gindin katangar ƙasa ce ta gidan wani, ba za a daɗe ba sai an kai ƙararka. Ka sa injiniya ya nuna hanyar ruwan a cikin zane, ka kuma je da kanka ka yi wa mai unguwa da mutanen layin bayani, ka nuna musu cewa ƙarar janareta da hayaƙinsa za su ragu.

Takardun da za ka tanada su ne shaidar mallaka, taswirar safiyo, zanen yadda za a jera farantan da sa hannun injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi, da rasidin kuɗin ƙasa. Bayan an gama haɗawa, hukumar NEMSA ce ke da alhakin duba ingancin aikin lantarki, sannan idan masana'antar tana kan layin kamfanin rarraba wuta na KEDCO, ka sanar da su, a kuma tabbatar inbatar ba ta mayar da wuta kan layi lokacin da ma'aikatansu suka kashe shi suna gyara. Kuɗin farantan kuwa ka riƙe shi tukuna, har sai takardar canjin manufa da zanen da aka buga wa hatimi sun shigo hannunka.