Amsa: Allo ya yi baƙi wajen saka Ubuntu a laftof

Ɗan'uwa, sannu da fama. Ka ce da zarar ka tashi laftof ɗinka daga filashi ka zaɓi Install Ubuntu, sai allo ya yi baƙi ƙirin, alhali fanka na juyawa. Kada hankalinka ya tashi, kwamfutar ba ta lalace ba. Yawanci direban katin hoto, wato manhajar da ke sarrafa nuna hoto a allo, shi ne bai dace ba, musamman idan katin NVIDIA ne a ciki.

Idan menu na GRUB ya fito, wato jerin zaɓin da ke fara bayyana idan ka tashi daga filashin, ka zaɓi wanda aka rubuta safe graphics. In babu shi, danna harafin e, ka nemi layin da ya fara da linux, bayan quiet splash ka rubuta nomodeset, sannan ka danna F10. Hoton zai ɗan yi girma, ba komai, ka ƙarasa sakawa a haka.

Bayan ka gama, shiga manhajar Additional Drivers da ke cikin Ubuntu ka saka direban NVIDIA, in ba haka ba baƙin allon zai iya dawowa.

In duk da haka ya ƙi, ina zargin filashin. Sake sauke ISO ɗin, wato fayil ɗin saka Ubuntu, ka ɗora shi a filashin da manhajar Rufus. Faɗa mana samfurin laftof ɗin kuma. Allah ya sa a dace.