Ko ya dace Baba ya shiga binciken lafiyar ƙwaƙwalwar tsofaffi?

'Yar'uwa, kin tambaya ko ya dace mahaifinku ya amsa gayyatar shiga bincike kan tsufa da lafiyar ƙwaƙwalwa, domin kina tsoron kada a gwada masa magani. A irin wannan bincike na lura da bibiya ba a ba kowa magani ko allura. Zama ake yi da mutum a tambaye shi yadda barcinsa yake, da ko yana yawan zaman kaɗaici, a auna hawan jininsa, sannan a faɗa masa sunayen wasu abubuwa a nemi ya maimaita su bayan 'yan mintuna. Sau da yawa masu binciken sukan dawo bayan shekara ɗaya ko biyu don su ga abin da ya canza.

Ni ina ganin ya dace, domin da irin wannan aiki aka gano cewa cutar mantuwa ba ta kai yawa a tsakanin tsofaffin Ibadan kamar a tsakanin baƙaƙen fatar Indianapolis a Amurka ba, kuma tsofaffinmu na Arewa suna bukatar a san halin da suke ciki.

Amma ki nemi ganin takardar amincewar kwamitin kula da ɗa'ar bincike, a karanta wa Baba takardar yarda da Hausa, kuma shi da bakinsa zai amince. Yana da damar fita duk ranar da ya ga dama. Idan kuwa ya fara manta hanyar gida daga masallaci, kada ku jira masu bincike, ku kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna.